Kishi ne ya haɗa Brunhilda da Fredegunda faɗa?

Tambaya: Malam, na ci karo da labarin wasu sarauniyoyi biyu na tsohuwar ƙasar Faransa, Brunhilda da Fredegunda. An ce sun shafe shekara 40 suna gaba, sarakuna da 'ya'yan sarakuna suka ƙare a tsakaninsu, daga ƙarshe aka ɗaure ɗaya a wutsiyar doki. Gaskiya ne? Kishin mata ne ya kai su ga haka? Kuma wace ce ta fi mugunta?

Amsa: Malama, kashe-kashen gaskiya ne, dokin ma gaskiya ne. Maganar kishin ce nake da ja a kanta. Matan nan ba kishiyoyi ba ne, facaloli ne. Brunhilda matar Sarki Sigebert ce, Fredegunda kuma matar ɗan ubansa Chilperic. Ba su haɗa miji ba, ba su haɗa gida ba, kuma a duk littafin tarihin da Gregory bishop na Tours ya rubuta, wanda ya san su duka biyun, babu wurin da za ki ga sun yi ido huɗu. Shekara 40 ɗin ma an yi mata ƙari. Gabar ta faro wajen 568, Fredegunda ta mutu a 597, Brunhilda ta ƙara shekara 16 bayanta. Wanda ya sa aka ɗaure ta a doki ɗan Fredegunda ne, lokacin uwar ta daɗe a kabari.

Sai kin san yadda sarautar Farankawa, ƙabilar da ke mulkin ƙasar a lokacin, take kafin ki gane abin da suke gudu. Clovis, wanda ya haɗa yawancin ƙasar da yau ake kira Faransa da wani yanki na Jamus, ya mutu a 511, aka raba ƙasar tsakanin 'ya'yansa maza 4 kamar yadda ake rabon gona. Babu dokar da ta ce babban ɗa ne magaji. Duk wanda sarki ya haifa ɗan sarki ne, ko 'yar sarki ce ta haife shi ko baiwa. Gregory da kansa ya faɗi haka lokacin da wani bishop ya goranta wa 'ya'yan Sarki Guntram cewa uwarsu baranya ce. Alamar ɗan sarauta dogon gashi ne wanda ba a taɓa aske shi, don haka hanya biyu ce ta kawar da ɗan'uwa: a yi masa aski a tura shi gidan zuhudu, ko a kashe shi. Matar Clovis, Clotilda, ta ga wannan da idonta. Bayan ɗanta Chlodomer ya mutu a yaƙi a 524, ita ke riƙon 'ya'yansa ƙanana. 'Ya'yanta biyu da suka rage suka karɓe yaran da dabara, suka aiko mata da almakashi da takobi, wai ta zaɓa. Cikin ɓacin rai ta ce in dai ba za su yi sarauta ba, gara ta gan su matattu da ta gan su da aski. Aka kashe 2, na ukun aka gudu da shi. Wannan duk ya faru tun ba a haifi Brunhilda ko Fredegunda ba.

Mace kuwa ba ta hawa gadon sarauta, kuma ba ta da wata sarauta tata ta kanta. A Kano uwar sarki Mai Babban Ɗaki ce, a Borno Magira ce, matsayi ne sananne da al'ada ta tanada. A wurin Farankawa babu irin wannan. Ikon sarauniya a jikin namiji yake rataye: miji in yana so, ɗa in yana raye, jika in ya yarda. Ran da igiyar nan ta tsinke, sai a ƙwace dukiyarta, a kai ta gidan zuhudu in ta yi sa'a. Riƙe wannan, domin kusan duk abin da matan nan biyu suka aikata, mai kyau da mummuna, ƙoƙari ne na kada igiyar ta tsinke.

Chlothar na ɗaya, ɗan Clovis da ya rage, ya sake haɗa ƙasar a 558, ya mutu a 561, aka kuma rabawa huɗu. Charibert ya sami Paris, Guntram ya sami Burgundi, Sigebert ya sami gabas wajen Reims da Metz, yankin da aka riƙa kira Austrasiya, Chilperic ya sami Soissons, wanda shi ne ƙaramin kaso. Ukun farko uwarsu ɗaya, Chilperic uwarsa daban, kodayake iyayen nasu mata ya da ƙanwa ne. Tun gawar uban ba ta yi sanyi ba Chilperic ya wawushe taskarsa ya shige Paris, 'yan'uwan suka taru suka fitar da shi. Da Sigebert ya tafi yaƙi da Abarawa a gabas, Chilperic ya faɗa wa Reims. 'Yan ubanci ne tsagwaronsa, kuma babu matar da ta hura shi. Mutuwar Charibert a 567 ta ƙara dagula lissafin, domin kasonsa da aka raba ya bar garuruwa irin su Tours da Poitiers a hannun Sigebert, Chilperic kuma idonsa na kansu.

A cikin wannan hali aka yi auren. Sigebert ya ga 'yan'uwansa suna ta auren barorinsu, ya ce shi sai 'yar sarki. Ya aika Sifaniya aka ba shi Brunhilda, 'yar Athanagild sarkin Bisigot na Toledo, wajen 566, ta zo da dukiya mai yawa. Chilperic ya ga an fi shi, shi ma ya aika neman yayarta Galswinta, ya yi alkawarin rabuwa da sauran matansa. Washegarin daren farko ya ba ta kyautar da al'adarsu ta ɗora wa ango, amma tasa ta wuce misali: garuruwa 5 a kudu, Bordeaux da Limoges da Cahors da Béarn da Bigorre, da harajinsu. Ba a daɗe ba ya koma wa Fredegunda, wadda daga cikin barorin fada ta fito kuma tun da can yana tare da ita. Galswinta ta yi ta ƙorafin wulaƙanci, har ta ce a bar ta ta koma gida, ta yafe dukiyar da ta zo da ita. Ya lallashe ta, sannan aka wayi gari an shaƙe ta a kan gadonta. Gregory ya ce Chilperic ne ya sa bawansa ya yi. Ya yi kukan 'yan kwanaki, ya auri Fredegunda.

In akwai kishi a labarin nan, to a nan yake, kuma ya ƙare a nan. Abin da ya rage bashin jini ne da bashin dukiya. Hukuncin da Guntram da manyan Farankawa suka yanke ya ce garuruwan nan 5 na Brunhilda ne, ita ce magajiyar yayarta. Shekara kusan 20 bayan haka tana nan tana bin su.

A 575 Sigebert ya kusa gamawa da ɗan'uwansa. Ya ci Paris, Chilperic da Fredegunda suka kulle kansu a Tournai, mutanen Chilperic suka sauya sheƙa suka ɗaga Sigebert a kan garkuwa a Vitry, wato sun naɗa shi sarkinsu. A wurin taron ne samari 2 suka matso kamar masu kawo ƙara, suka soke shi ta gefe biyu da manyan wuƙaƙe masu dafi. Gregory ya ce Fredegunda ce ta aiko su. Ki duba inda take a ranar: an kewaye ta a gari, da jariri sabon haihuwa, mijinta ya rasa mayaƙa. Wuƙa biyu sun yi abin da runduna ta kasa.

Rana ɗaya ta mai da Brunhilda fursuna a Paris. Wani hakimi mai suna Gundovald ya saci ɗanta Childebert, mai shekara 5, ya gudu da shi gabas aka naɗa shi sarki, ita kuma Chilperic ya ƙwace dukiyarta ya tura ta Rouen. Abin da ta yi a can yakan ba mutane mamaki. Ta auri Merovech, ɗan Chilperic da ya haifa da matarsa ta farko Audovera. Ɗan ɗan'uwan mijinta ke nan, aure ne da dokar coci ta hana, amma bishop na Rouen, Praetextatus, ya ɗaura. Masu son labarin soyayya sun yi ta ƙawata wannan. Ni lissafi nake gani. Ita tana buƙatar namiji mai dogon gashi da zai tsaya mata, shi kuma ya san matar ubansa ba za ta bar shi ya gaji komai ba. Lissafin bai fita ba. Uban ya raba su, aka yi wa Merovech aski, ya gudu ya nemi mafaka a cocin Martin na Tours, ya sake gudu ya nufi gabas, manyan Austrasiya suka ƙi karɓarsa. A 577 da aka rutsa shi ya roƙi baransa ya soke shi.

Yanzu ki dubi gidan Fredegunda, domin a nan za ki ga su wa take tsoro da gaske. 'Ya'yan Audovera maza 3 ne, manya, nata kuwa ƙanana ne kuma suna ta mutuwa. Samson da ta haifa a Tournai bai kai ko'ina ba. A 580 annobar atuni ta kama 'ya'yanta 2, Chlodobert da Dagobert. Gregory, wanda ba ƙaunarta yake ba, ya kawo yadda ta ce wa mijinta hawayen talakawa da marayu ne ke cin 'ya'yansu, ta sa aka kawo takardun harajin garuruwanta ta jefa a wuta, ta matsa masa shi ma ya ƙone nasa. Yaran duka suka mutu. Sai ɗan Audovera na ƙarshe, wani Clovis, ya fara cika baki cewa ƙasa duk ta dawo hannunsa, kuma ya san abin da zai yi wa maƙiyansa. Fredegunda ta ce shi ya yi wa 'ya'yanta sammu. Aka kama shi aka soke shi, aka jefa gawar a kogin Marne. Daga baya wani masunci ya tsamo ta, da dogon gashin aka gane ko wane ne. Aka kashe Audovera, aka jefa 'yarta Basina gidan zuhudu a Poitiers. A 584 wani ɗan nata, Theuderic, ya mutu, ta sa aka kama mata a Paris aka azabtar da su wai mayu ne, aka ƙone wasu. Ba ina wanke ta ba ne. Ina nuna miki cewa mafi yawan jinin da ke hannunta jinin cikin gidan mijinta ne, ba na gidan Brunhilda ba.

A wannan shekarar ta 584 aka kashe Chilperic a Chelles, da magariba, yana saukowa daga doki bayan farauta. Gregory bai kama sunan wanda ya aiko makashin ba. Wani littafi na ƙarni na 7 ya ɗora wa Brunhilda, wani na shekarar 727 ya ɗora wa Fredegunda da kwartonta. Na biyun bai shiga hankalina ba, domin babu wanda mutuwar nan ta jefa cikin hatsari kamar ita. Ta rage da jariri ɗan wata 4, Chlothar na biyu, ma'aji sun kwashi wani kaso na taska sun kai wa Childebert, ita kuma ta shige babban cocin Paris neman mafaka. Jakadun Childebert suka zo suna cewa a ba su mai kisan kai, wadda ta shaƙe innarsa, ta kashe ubansa da baffansa da 'ya'yan baffansa. Tun kafin zuwansu ta aika wa Guntram ta ce ya zo ya karɓi ƙasar ɗan'uwansa, tana da ɗan ƙaramin yaro da take so ta sa a hannunsa. Guntram ya zo, ya kare ta, sannan ya fara cewa anya yaron nan na Chilperic ne. Ta tara bishop 3 da manyan mutane 300 suka rantse cewa nasa ne. Baranyar jiya, gwauruwa, ba runduna, ta iya tara mutum 303 masu faɗa a ji su rantse mata. Wannan ya fi duk labarin dafi nuna ko wace ce ita.

Da me ta riƙe su? Da dukiya. Makonni kaɗan kafin mutuwar mijinta an ɗauki 'yarta Rigunta za a kai ta aure Sifaniya, kayanta cike da amalanke 50. Har Chilperic ya tsorata ya zaci an kwashe taskarsa, ita kuwa ta tsaya gaban manya ta ce babu ko ƙwandala daga baitulmali, duk daga gandayenta ne da kyaututtukan da aka yi mata da abin da ta tara. Kayan ba su isa ba. Tun daren farko mutum 50 suka sulale da dawakai 100, kuma da labarin mutuwar sarki ya riske su a Toulouse wani hakimi ya kwashe sauran. Rigunta ta dawo gida ba aure ba kaya, suka riƙa faɗa da uwar har da mari, 'yar tana goranta mata asali. Wata rana uwar ta buɗe adaka ta ce zo ki ɗebi abin da kike so na ubanki, da ta sunkuya ta danne mata murfin a wuya, sai da barori suka ƙwace ta.

Brunhilda ma maƙiyanta na kusa a gida suke. Ta koma Austrasiya ta tarar manyan ƙasa ne ke riƙe da ɗanta, kuma wani ɓangarensu, ƙarƙashin Egidius bishop na Reims, ya ƙulla ƙawance da Chilperic a 581, wato da gidan da ya kashe uban yaron. A shekarar ne wasu hakimai biyu, Ursio da Berthefried, suka taso da mayaƙa za su hallaka Lupus hakimin Champagne, mutuminta. Gregory ya ce ta sha ɗamara kamar namiji ta shiga tsakanin dawakai tana roƙon kada a yi yaƙi saboda mutum ɗaya. Ursio ya ce mata: ja da baya, mace, ya ishe ki mulkin da kika yi a zamanin mijinki, yanzu ɗanki ke sarauta kuma mu ke tsare ƙasarsa ba ke ba, ki kauce kada kofaton dawakanmu su tattake ki. Ta dai hana yaƙin a ranar, Lupus ya tsira ya gudu wurin Guntram. Ta haɗiye maganar shekara 6. Da mai renon sarki ya mutu a 585 ba a naɗa wani ba, ta ce ita za ta kula da ɗanta. A 587 aka bankaɗo makircin da Ursio da Berthefried da wani Rauching suka ƙulla na kashe Childebert su yi mulki da sunan 'ya'yansa ƙanana, duk ukun aka kashe su. Egidius kuma aka gurfanar da shi a Metz a 590 aka tuɓe shi.

A watan Nuwamba na 587 aka yi sulhun Andelot tsakanin Guntram da Childebert, Brunhilda na wurin kuma sunanta na cikin takardar. Aka amince wanda ya riga mutuwa ba ɗa namiji, ɗayan ya gaje shi. Aka ba ta Cahors nan take, sauran garuruwa 4 na Galswinta sai bayan ran Guntram.

Kada ki ɗauka ina cewa babu ƙiyayya tsakaninsu. Akwai, mai tsanani. Fredegunda ta aika wani malamin coci ya shiga hidimar Brunhilda don ya kashe ta, aka gano shi aka kora mata shi, ta sa aka yanke masa hannuwa da ƙafafu saboda ya kasa. Ta sake aika wasu 2 da wuƙaƙe masu dafi, su ma aka kama su. Praetextatus da ya ɗaura auren Rouen an soke shi a cikin cocinsa ana tsakar ibada a 586, ta zo har bakin gadonsa tana yi masa tayin likitoci, shi kuma ya gaya mata a fuska cewa ita ce. Da Guntram ya taɓa tambaya cikin zolaya ko an shirya matan biyu, Gregory ya amsa masa cewa ƙiyayyar da ke tsakaninsu ƙaruwa take yi ba raguwa ba. Amma ki lura da abin da ake rigima a kai. Muddin Childebert na raye, ɗan Fredegunda bai da tabbas, haka kuma ɗayan ɓangaren. Ba a kan namiji ake faɗan ba, a kan wane yaro zai rayu ya yi sarauta ne.

Wani abu da masu labarin kishi ke tsallakewa shi ne Brunhilda mai mulki ce ta sosai. 'Yarta Ingunda ta auri ɗan sarkin Sifaniya, ya yi wa ubansa tawaye aka ci shi, ita ta faɗa hannun Rumawa ta mutu a Arewacin Afirka, aka wuce da ɗanta ƙarami Kustantiniya. Wasiƙun da Brunhilda ta rubuta wa Sarkin Rum Maurice da matan fadarsa tana neman a dawo mata da jikanta suna nan har yau, kuma Rumawa sun riƙe yaron ne don su matsa wa Farankawa su yaƙi Lombardawa a Italiya. Fafaroma Gregory, wanda daban yake da na Tours, ya rubuta mata wasiƙu da dama yana yabonta, ya nemi taimakonta ga tawagar Augustine da ya aika Ingila a 596, kuma saboda roƙonta ya ɗaukaka bishop na Autun a 599. A Autun ɗin ta gina gidajen zuhudu 2 da masaukin marasa lafiya. Har yau a arewacin Faransa da Beljiyam akwai tsofaffin hanyoyin Rumawa da jama'a ke kira da sunanta.

Guntram ya mutu a 592, Childebert ya gaji Burgundi. Bai daɗe ba shi ma ya mutu yana ɗan shekara 20 da 'yan kai, ya bar yara 2, Theudebert a Austrasiya, Theuderic a Burgundi, kakarsu na riƙon ƙwarya. Fredegunda ba ta ɓata lokaci ba, ta kama Paris, rundunar ɗanta ta yi nasara a Laffaux a 596. Shekara ta zagayo ta mutu a kan gadonta, aka binne ta kusa da mijinta a cocin da yau ake kira Saint-Germain-des-Prés. A 600 jikokin Brunhilda suka karya Chlothar a Dormelles, suka bar masa ɗan tsirin ƙasa tsakanin kogin Seine da Oise da teku. Da a nan labarin ya tsaya, da Brunhilda ce ta ci.

Tsawon rai ne ya ja mata. Jikoki suka girma suka yi mata. Theudebert ya auri Bilichilda, wadda baiwa ce da Brunhilda da kanta ta saya, matan biyu suka riƙa aika wa juna baƙaƙen maganganu ta bakin jakadu. Brunhilda ta koma wurin Theuderic a Burgundi, kuma a nan, a ganina, ta yi babban kuskurenta. Theuderic ya haifi 'ya'ya maza 4 da ƙwaraƙwarai, da aka kawo masa 'yar sarkin Sifaniya Ermenberga a 607 sai aka mai da ita gida bayan shekara guda, aka riƙe kayanta. Maƙiyan Brunhilda sun ce ita ta hana, don kada wata sarauniya ta shigo ta rage mata girma, kuma ban ga dalilin ƙaryata su ba. Ita ta fi kowa sanin abin da 'yar sarki mai dukiya da dangi a waje ke iya zama a fada. Sai ga Columbanus, wani mai zuhudu ɗan Ayalan da ya kafa gidan ibada a Luxeuil, mai kaifin harshe. Ta kawo masa yaran ya sa musu albarka, ya ƙi, ya ce ba za su taɓa riƙe sandar sarauta ba domin 'ya'yan karuwai ne. Wannan ba wa'azi ba ne kawai, soke gadon gidan ne gaba ɗaya. Aka kore shi a 610. Kafin nan an jefe Desiderius bishop na Vienne har lahira, shi ma bayan ya yi wa sarki faɗa kan mata.

A 612 Theuderic ya ci ɗan'uwansa a Toul da Zülpich, aka kashe Theudebert, aka fyaɗa kan ɗansa jariri a dutse. A 613 atuni ya kashe Theuderic a Metz yana shirin auka wa Chlothar. Brunhilda, tsohuwa da ta haura 60, ta ɗauko tattaɓa kunnenta Sigebert na biyu ta naɗa shi shi kaɗai, ba ta raba ƙasar ba. Riƙon ƙwarya na uku ke nan, kuma manya sun gaji. Arnulf da Pippin na Austrasiya suka kira Chlothar. Warnachar, sarkin fadar Burgundi, ya sayar da ita bisa alkawarin ba za a tuɓe shi ba har ya mutu. Da runduna ta haɗu da runduna a bakin kogin Aisne, tata ta juya ba a harba kibiya ba. Aka kamo ta a Orbe aka kai ta gaban Chlothar a Renève. Ya tuhume ta da jinin sarakuna 10. A cikin lissafin har da mijinta Sigebert, wanda uwar mai tuhumar ce ta sa aka kashe, har da yaran da shi Chlothar ya ba da umarnin kashewa a kwanakin. Aka azabtar da ita kwana 3, aka ɗora ta a raƙumi aka zaga da ita cikin runduna, sannan aka ɗaure gashinta da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya a wutsiyar dokin da ba a hora ba aka sake shi.

An yi wannan a bainar jama'a ne da manufa. Manyan da suka ci amanar sarkinsu suna buƙatar wanda za a ɗora wa laifin shekara 50 na yaƙin basasa, ga baƙuwa 'yar Sifaniya, mace, ba ta da sauran namiji. A 614 Chlothar ya fitar da dokar Paris, wadda a ciki ya yarda a riƙa naɗa alƙalan yanki daga cikin 'yan yankin. Arnulf da Pippin kuwa su ne kakannin gidan da ya ture zuriyar Clovis daga sarauta a 751.

Wace ce ta fi mugunta? Sai kin tambayi wa ya riƙe alƙalami. Gregory ya zama bishop na Tours a 573 da yardar Sigebert da Brunhilda, kuma a 580 an gurfanar da shi a Berny bisa zargin ya yi wa Fredegunda ƙazafin zina, sai da ya yi rantsuwa ya kuɓuta. A littafinsa Fredegunda ce shaiɗaniya, Brunhilda kusan ba ta da tabo. Ya mutu a 594, bai ga ƙarshen ba. Waɗanda suka rubuta ƙarshen, kamar Jonas almajirin gidan Columbanus da ya kira ta Jezebel ta biyu, wato muguwar sarauniyar nan ta Littafi Mai Tsarki, sun yi rubutu ne a ƙarƙashin zuriyar Chlothar, lokacin da zagin Brunhilda ba ya ja wa kowa komai. Ko da na rage wa Gregory wani abu saboda son rai, ina ganin Fredegunda ta fi saurin kai hannu ga wuƙa, ta fi rashin tausayi ga raunana, matan Paris ɗin nan da ba su ji ba ba su gani ba sun isa shaida. Brunhilda ta fi ta hangen mulki, amma ita ma ta kawar da duk wanda ya tare mata hanya, kuma yaƙin da jikokinta suka yi da juna ba a bayan idonta aka yi shi ba. Mazan gidan kuwa, daga masu almakashi da takobi har zuwa Chlothar na biyu, babu wanda hannunsa ya fi nasu tsabta.

Shekara 40 da 'yan kai bayan Renève aka sake ganin irin wannan. Balthilda baiwa ce da aka sayo daga Ingila, ta auri Clovis na biyu, jikan Chlothar, ya mutu a 657 ta yi riƙon ƙwarya ga ɗanta. Ta hana sayar da bayi Kiristoci zuwa waje, ta fanshi da yawa da kuɗinta. Da ɗan ya tasa, wajen 664, manya suka tura ta gidan zuhudun da ta gina a Chelles, ta zauna can har ta mutu wajen 680. Tarihinta da aka rubuta daga ɓangarenta ya mai da ita waliyya, kuma cocin Katolika na girmama ta a haka. Wani marubuci a Ingila kuwa, mai ba da tarihin bishop Wilfrid, ya ce ta sa an kashe bishop 9, ya kira ta Jezebel.